Satar Kanti a Karon Farko: Hukuncin da Alƙali Zai Iya Yankewa, da Abin da Ke Karkata Shi

Sata a kanti ba ta da wani sashe nata na daban a dokar Najeriya. Wanda ya zura kwalbar turare a aljihu a wani babban kanti a Wuse, da wanda ya kwance akuyar mutane a turke, sashe ɗaya ne ya fayyace laifinsu. Wannan ne abin da ke gigita iyalai: kayan da bai taka kara ya karya ba, amma da aka karanto tuhuma sai aka ji ana ambaton shekara biyar ko bakwai. Waɗannan shekarun iyaka ce ta sama, ba su ne hukuncin da aka saba yankewa ba. Tsakanin sallama da ɗauri akwai matakai da dama, kuma galibi abin da ke sa alƙali ya tsaya a kan ɗaya ya bar sauran shi ne abin da wanda ake tuhuma da danginsa suka yi a kwana biyun farko, da abin da aka faɗa a 'yan mintocin da suka gabaci yanke hukunci.

Zan ɗauki Abuja a matsayin misali, domin a can dokoki biyu ne ke aiki kuma a fili suke: kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, shi ke faɗin laifi da hukuncinsa, sai dokar ACJA ta 2015, wadda ta tsara yadda ake tafiyar da shari'ar laifuka tun daga kamu har zuwa hukunci. Jihohi suna da nasu kwatankwacin. Kaduna ta sake kundin laifukanta da dokar tafiyar da shari'a a 2017, Kano ta yi tata dokar tafiyar da shari'ar a 2019. Ma'anar kusan ɗaya ce, amma lambobin sassa sun bambanta, don haka wanda shari'arsa ke wata jiha ya nemi lauya ya duba masa lambar da ta dace da can.

Sashe na 286 na Final Kod ya ce sata ita ce mutum ya motsa dukiyar da ke hannun wani, ba da yardarsa ba, da niyyar ɗauke ta ta hanyar rashin gaskiya. A lura da kalmar motsawa. Ba sai an fita ƙofar kanti da kaya ba. Wanda ya cire tambarin farashi ya cusa kaya cikin riga, ko a tsakiyar kanti aka riƙe shi, ana iya tuhumarsa. Amma ɗaya rabin ma'anar shi ne niyya, kuma a nan ne mai gaskiya ke da abin kamawa. Uwar da ɗanta ya jefa alewa a jakarta, ko mutumin da ya biya kuɗin kaya tara ya manta na goma a ƙasan keken sayayya, ba su yi sata ba idan babu niyya, kuma nauyin tabbatar da niyyar yana kan mai gabatar da ƙara.

Hukuncin sata zalla yana sashe na 287: ɗauri da bai wuce shekara biyar ba, ko tara, ko duka biyun. Sashe na 288 ya ɗaga iyakar zuwa shekara bakwai idan an yi satar a ginin da mutane ke zaune a ciki ko wanda ake ajiye dukiya, kuma masu gabatar da ƙara kan shigo da satar kanti ta wannan ƙofar. Idan kuwa yaron shago ne ko mai karɓar kuɗi ya ɗauki kayan maigidansa, sashe na 289 ne, shi ma shekara bakwai, kuma alƙalai ba sa kallonsa da sauƙi domin cin amana ya shigo ciki. Akwai abu ɗaya da ke sauya lamarin gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido: ture mai gadi ko yi masa barazana yayin tserewa da kaya. Sashe na 296 ya mai da satar da aka ji wa wani ciwo a cikinta, ko aka tsorata shi da jin ciwo nan take, ta zama fashi. Da zarar kalmar fashi ta hau takarda, yawancin sassaucin da za a ambata a ƙasa ya yi nisa.

Daga ɗakin masu gadi zuwa caji ofis

Doka ta yarda wanda ba ɗan sanda ba ya kama mutumin da ya aikata laifi a gabansa, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Iyakar ikon mai gadi ke nan. Duka, tuɓe wa mutum kaya, rataya masa abin da ya ɗauka a wuya a ɗauki bidiyonsa a watsa a Facebook, duk babu su a doka, kuma kowannensu yana iya jawo wa mai yinsa tasa ƙarar. Haka nan abin da wasu kantuna ke yi na cewa sai an biya ninki biyar ko goma na kuɗin kaya kafin a saki mutum: kanti ba kotu ba ne, ba shi da ikon cin tara. Abin da yake da haƙƙi a kai shi ne kayansa, ko kuɗinsu, da asarar da zai iya nunawa.

A wannan ɗakin ne ake yin kuskure na farko. Za a miƙo farar takarda a ce rubuta ka amsa laifi mu sake ka, sai mutum ya rubuta cikin firgici, har ya ƙara da cewa ya taɓa yi a baya domin an ce masa kyamara ta nuna. Sannan a kira 'yan sanda, takardar ta bi shi. Dokar shaida ta 2011, sashe na 29, ta ce ikirarin da aka samu ta hanyar tursasawa ba ya karɓuwa, amma tabbatar da tursasawar wata shari'a ce a cikin shari'a, mai cin lokaci da kuɗi. Mafi sauƙi shi ne kada a rubuta. A faɗi suna, a nemi a kira ɗan uwa, a yi magana cikin ladabi, a bar sauran.

A caji ofis, wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya, kuma sashe na 17 na ACJA ya ba shi damar a ɗauki bayaninsa a gaban lauyansa, ko jami'in hukumar ba da agajin shari'a, ko wani da ya zaɓa. Wanda ba ya jin Turanci a samo masa tafinta, a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Tsarin mulkin 1999, sashe na 35, ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in ba haka ba kwana biyu. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka. Ba a kama uwa ko mata a madadin wanda ake nema. Sashe na 7 na ACJA ya hana. Mace kuma tana iya tsaya wa mutum a beli, ACJA ta faɗi haka ƙarara, ko da yake har yanzu ana samun inda ake cewa a kawo namiji.

Waɗannan sa'o'in su ne lokacin sulhu mafi albarka. A samu dattijo mai natsuwa daga dangi ya je wurin manajan kanti, ba don musu ba, sai don a mai da kaya ko a biya kuɗinsu, a ba da haƙuri. Abu uku ake so a fito da su: rasit mai ɗauke da adadin kuɗi da kwanan wata, wasiƙa a takardar kantin mai hatimi da ke cewa an biya su kuma ba su da sha'awar ci gaba da ƙara, sannan a kai wasiƙar ga ɗan sandan da ke bincike a gaban shaida. Sulhun baki, wanda aka yi a tsaye a bakin ƙofa da wani mai gadi, ba ya zuwa kotu. A kuma sani cewa da zarar magana ta shiga hannun hukuma, ƙarar ta hukuma ce. Kanti mai ƙorafi ne kuma shaida. Wasiƙarsa ba ta kashe ƙara da kanta, amma tana da nauyi ƙwarai. 'Yan sanda kan rufe ƙaramin fayil a kanta, idan kuma an riga an je kotu, sashe na 355 na ACJA ya ba kotu damar amincewa da janye ƙorafi idan ta gamsu da dalili, ta kuma wanke wanda ake tuhuma.

Ka aikata ko ba ka aikata ba?

A kotun majistare ana farawa ne da karanta takardar FIR, wato rahoton da 'yan sanda suka shigar. Sai a tambayi wanda ake tuhuma ko ya fahimta, sannan ko gaskiya ne. Idan ya ce gaskiya ne, mai gabatar da ƙara zai miƙe ya roƙi kotu ta yanke hukunci nan take, kuma doka ta yarda. Shari'ar da za ta bi mutum har tsufansa tana iya ƙarewa kafin danginsa su samu wurin zama a benci.

Da yawa suna amsawa ne domin wani ya raɗa musu a hanya cewa ka amsa kawai, tara za a ci ka ka tafi gida. Wani lokaci hakan ke faruwa. Amma mai raɗar ba shi ne alƙali ba, kuma bai gaya masa cewa tarar tana zuwa da tabon an same shi da laifin sata ba. Wasu kuma suna musantawa alhali bidiyo ya nuna komai, sai a ɗage shari'a, a sa sharuɗɗan beli da ba su iya cikawa ba, a wuce da su gidan yarin Kuje, mata kuma na Suleja, su yi watanni suna jiran shari'ar da hukuncinta ba zai kai haka ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya masu jiran shari'a ne, ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba. Wannan hatsari ne na gaske, kuma dole a auna shi.

Ga yadda nake ganin ya kamata a auna. Wanda bai yi niyyar sata ba kada ya amsa, komai matsi. Ya zo da masu tsaya masa a shirye, da katin shaida da hotuna da shaidar adireshi, domin beli a irin wannan laifi shi ne asali, hanawa ce ke buƙatar dalili. Hoton kyamarar tsaro ma ba a miƙa shi haka kawai. Sashe na 84 na dokar shaida ya gindaya sharuɗɗa a kan duk shaidar da ta fito daga na'ura, kuma ba kowane kanti ke iya cika su ba. Wanda kuwa ya san ya ɗauka, amsa laifi da wuri yana cikin manyan abubuwan da ke jawo sassauci, amma ya amsa a shirye, ba a gigice ba. Idan babu lauya, babu rasit, babu kowa nasa a kotu, ya roƙi a ba shi lokaci ya nemi lauya. Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda ke aiki da dokar 2011, an kafa ta ne domin marasa hali, ƙungiyar lauyoyi ma tana da masu tsaya wa mutane kyauta. Wanda ba ya jin harshen kotu ya faɗa tun farko. Tafinta kyauta haƙƙinsa ne a sashe na 36 na tsarin mulki.

Akwai kuma yarjejeniyar amsa laifi a sashe na 270 na ACJA, inda ake daidaitawa da mai gabatar da ƙara a rubuce, da sanin wanda aka yi wa laifi. An fi jin ta a manyan shari'un kuɗi, ba kasafai ake bin ta a kan sabulu da turare ba, amma dokar ba ta ware ta ga manya kaɗai ba.

Abin da ke hannun alƙali

Sashe na 416 na ACJA shi ne ya kamata kowane mai laifin farko ya sani. Ya ce kada kotu ta yanke wa wanda bai taɓa laifi ba hukunci mafi tsanani da doka ta tanada. Ya ce a lissafa kwanakin da mutum ya yi a tsare yana jiran shari'a. Ya kuma ce ɗauri na waɗanda ya zama dole a raba su da jama'a ne, waɗanda sauran hanyoyin horo suka gaza a kansu ko ake ganin za su gaza. Ga wanda ya ɗauki kayan 'yan dubbai a karon farko, ba makami, ba rauni, da wuya a ce ya shiga wannan sahun.

Mafi alheri a cikin zaɓin, kuma wanda aka fi mantawa da shi, yana sashe na 454. Idan kotu ta ga an tabbatar da tuhuma, amma ta duba halin mutum, tarihinsa, shekarunsa, lafiyarsa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa, ƙanƙantar laifin, ko yanayin da ya sa aka aikata shi, tana iya tsayawa ba tare da ta ayyana shi mai laifi ba. Daga nan ko ta kori tuhumar, ko ta sallame shi bisa sharaɗin ya ɗauki alkawari a rubuce, da mai tsaya masa ko babu, cewa zai kiyaye halinsa na wani lokaci da bai wuce shekara uku ba, kuma zai bayyana duk sanda aka neme shi. Tana iya haɗa masa da biyan diyya ga kanti, tana iya sa jami'i ya riƙa sa ido a kansa. Muhimmancin wannan sashe yana cikin jimla ɗaya: ba a rubuta an same shi da laifi ba. Ɗalibi, ma'aikacin gwamnati, mai shirin shiga aikin ɗamara, duk wannan ne ya kamata lauyansu ya fara roƙa, da sunan sashen da lambarsa, kuma ya roƙa kafin alƙali ya furta cewa ya same shi da laifi, domin bayan furucin an wuce wurin. Idan mutum ya saɓa sharaɗin, za a dawo da shi a yanke masa hukunci a kan laifin na asali.

Sai tara, wadda ita ce aka fi yankewa. Yadda ake furta ta ke ruɗa mutane: wata uku a gidan gyaran hali ko zaɓin tara kaza. Ma'anarsa idan an biya a tafi gida, idan ba a biya ba a hau mota. Mutane da yawa suna kwance a gidan yari ba don alƙali ya so ɗaure su ba, sai don babu wanda ya zo da kuɗi ranar. Saboda haka dangi su zo da abin da za su iya a hannu, su biya a wurin da kotu ta tanada, su karɓi rasit na gwamnati, kada su damƙa wa wani a baranda. Doka ta ce a duba ƙarfin mutum wajen yanka tara, kuma kotu na iya ba da lokaci ko ta yarda a biya kashi-kashi, amma sai an roƙa, kuma sai an faɗi gaskiyar abin da mutum ke samu. Wani abin lura: tara ta gwamnati ce, diyya ta kanti ce. Sashe na 319 ya ba kotu damar umartar biyan diyya ko da ta ci tara, don haka biyan ɗaya bai sauke ɗayan ba. Idan an samu kayan lafiya lau an mai da wa kanti, a tabbata an faɗa wa kotu an kuma rubuta, don kada a biya kuɗin abin da ke kan kanta ana sayar da shi.

Yi wa al'umma aiki yana sashe na 460 da waɗanda ke biye da shi: sharar harabar kotu ko asibiti, yanke ciyawa, yashe magudanar ruwa, aikin gona. Ba ya wuce wata shida, ba a wuce awa biyar a rana, kuma ana so ya kasance kusa da inda mutum ke zaune. Tun da aka yi dokar 2019 da ta mai da hukumar gidajen yari ta zama hukumar gyaran hali, an ba ta sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na ɗauri ba, kuma mazauna Abuja sun ga yadda kotunan tafi-da-gidanka suka yi amfani da shi a lokacin kullen korona a 2020. A sashe na 460 ɗin dai akwai ɗaurin talala, inda ake yanke hukunci a dakatar da zartar da shi muddin mutum ya kiyaye sharaɗi.

Sai dai akwai ƙulli a nan da ya kamata a sani. Sashen ya ce ba a ba da ɗaurin talala ko aikin al'umma a laifin da ya shafi makami, ko laifin lalata, ko laifin da hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara uku. To sata iyakarta biyar ce ko bakwai. Idan aka karanta shi da cewa iyakar da ke cikin kundi ake nufi, ɓarawon sabulu ya fita daga ciki. Idan kuma hukuncin da ya dace da wannan laifin na gaban kotu ake nufi, yana ciki. A aikace ƙananan kotunan Abuja suna sa masu ƙananan sata shara, kuma ina ganin wannan karatun ne ya dace da manufar da sashen da kansa ya faɗa: rage cunkoso a gidajen yari, da hana mai ƙaramin laifi cuɗanya da riƙaƙƙu. Amma lauya ya shiga kotu da sanin cewa mai gabatar da ƙara na iya ɗaga wannan magana, ya tanadi amsa, ya kuma riƙe sashe na 454 da tara a matsayin madogara. Majalisa ce ya kamata ta warware wannan ƙulli, domin bai dace makomar yaro ta rataya a kan wane karatu alƙalin ranar ya fi so ba.

Bulala tana nan a Final Kod, har zuwa goma sha biyu, ga maza kaɗai, kuma wasu kotuna na yanke ta a madadin ɗauri. Ana gamawa a tafi gida, shi ya sa wasu ke murna da ita, amma ita ma hukunci ce bayan samun mutum da laifi. Ɗauri kuwa yakan zo ne idan kayan masu tsada ne, ko an shirya satar da wasu, ko an zo da jaka ta musamman ko abin cire tambarin tsaro, ko an yi amfani da yaro, ko an sayar da kayan ba a samu komai ba.

Neman sassauci

Bayan an samu mutum da laifi, alƙali zai tambayi mai gabatar da ƙara ko akwai tarihin laifi a baya, sannan ya juyo ya ce kana da abin cewa? Yawancin mutane abin da ke fitowa shi ne sharrin shaiɗan ne, a yi mini afuwa, ba zan ƙara ba. Alƙali ya ji wannan sau da yawa a safiyar nan kaɗai. Abin da ke motsa alƙalami shi ne abin da za a iya rubutawa a fayil: wannan ne karo na farko, kuɗin kayan kaza ne kuma an mai da su ko an biya, ga rasit, ga wasiƙar kanti, na amsa tun a zaman farko ban ɓata wa kotu lokaci ba, na kwana kaza a tsare, ina aji kaza a makaranta kaza, ga katina, ko ina koyon sana'a wurin wane, ga shi a zaune, mutum kaza nake ciyarwa. ACJA ta yarda a kira shaidar hali a wannan mataki, don haka mai unguwa, limami, shugaban makaranta ko maigidan aiki yana iya miƙewa ya ce ya san shi kuma zai sa ido a kansa. Sannan a faɗi abin da ake roƙo da sunansa, kada a bar shi a a taimaka.

Idan akwai larura a faɗe ta da takarda. Akwai masu ɗauke-ɗauken da ba talauci ne ya sa su ba: ciwon damuwa, shaye-shaye, rikicewar tsufa, ko wata lalurar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ɗaukar abin da ba ya ma buƙata. Dangi kan ɓoye don kunya, alhali takardar likita daga asibitin gwamnati tana iya mai da hukunci ya zama sharaɗin zuwa magani. Ƙarya kuwa, musamman a kan tarihin baya ko shekaru, idan ta tonu ta rushe duk sauran.

Wanda bai kai shekara 18 ba hanyarsa daban ce. Dokar haƙƙin yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, ta ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe ƙaramar magana ta hanyar sulhu, sa ido da biyan diyya ba tare da zuwa kotu ba. Idan an je, kotun iyali ce, ba a bayyana sunan yaro, ba a ɗaure shi a gidan yarin manya, ba a yi masa bulala. Matsalar da aka fi samu ita ce a rubuta wa ɗan shekara 16 shekara 19 a caji ofis, don haka takardar haihuwa ko ta makaranta ta isa can tun ranar farko.

A jihohin Arewa goma sha biyu da suka ɗauki dokokin laifuka na shari'ar Musulunci, tun daga Zamfara a shekarar 2000, ana iya kai Musulmi kotun shari'a. Jama'a na tuna yanke hannun Buba Bello Jangebe a watan Maris na shekarar a kan satar saniya, shi ya sa tsoro ke kama iyali. Amma haddi yana da sharuɗɗa masu tsauri: kayan su kai nisabi, a fitar da su a ɓoye daga ma'ajiyar da ta dace da su, a samu shaidu adalai biyu ko ikirarin da ba tilas a cikinsa, wanda kuma mai shi ke iya janyewa, sannan babu shubuha. Idan ɗaya ya faɗi sai a koma ta'aziri, inda alƙali ke da faɗin zaɓi. Maganar gaggauta sulhu ta fi ƙarfi a nan, domin hadisin Safwan ɗan Umayya sananne ne: da ya so yafe wa wanda ya sace masa mayafi bayan an kai shi gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai aka ce masa me ya sa bai yi haka ba kafin ya kawo shi. Duk wanda aka karanta wa tuhumar sata a kotun shari'a kada ya amsa komai sai da lauyan da ya san fiƙihu.

Tarar 'yan dubbai ana biyanta a manta, amma rubutun an same shi da laifin sata yana nan. ACJA ta tanadi rajistar masu laifi ta ƙasa a hannun 'yan sanda, takardar shaidar hali da ake nema don aiki ko tafiya waje daga wurinsu take fitowa, fom ɗin biza na ƙasashe irin su Amurka da Ingila yana tambaya, kuma ƙarya a kansa ta fi laifin kansa illa. Tsarin mulki ma ya hana wanda aka samu da laifin rashin gaskiya aka yanke masa hukunci tsayawa takarar majalisa ko gwamna har sai shekara goma ta wuce. Wanda yake ganin an tsananta masa, ko an ɗauki amsarsa ba tare da ya fahimci tuhumar ba, yana iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, galibi cikin kwana 30, don haka kada a tsaya jiran a huce. Kowane irin sakamako aka samu, kafin a bar maganar a je wurin magatakardar kotu a nemi kwafin umarnin alƙali mai hatimi, musamman idan kora ce ko sallama a ƙarƙashin sashe na 454 ko 355, a haɗa shi da rasit na tara, da na diyya, da wasiƙar kanti. Wanda aka sa aikin al'umma ya tabbata jami'in da ke kula da shi yana sa hannu a kowace rana, ya kuma karɓi takardar kammalawa ranar da ya gama.